Mai Kujerun Fata

A filin sayar da motoci na Kakuri, Habila ya tsaya tsakanin sababbin a-kori-kura biyu, Rifkatu da zai aura wata mai zuwa tana gefensa. Ɗaya doguwa ce mai manyan tayoyi, an ƙera ta don laka da duwatsu. Ɗayar ta fi kusa da ƙasa, kujerunta na fata, ga sanyi kamar cikin banki.

"Wannan zan ɗauka," in ji shi, yana shafa fatar.

Rifkatu ta dubi tayoyinta. "Ba za ta kai gidan Mama ba. Ka san hanyar bayan Kakau da damina."

Ya yi 'yar dariya, ya kalli dillalin motocin da ke tsaye kusa da su kamar mai neman shaida. "Wa ya ce miki can za ta? Ni in sa sabuwar mota a wannan ƙauyen, in dawo da warin kashin kaji? In Mama na son ganinmu, ai akwai acaɓa."

Dillalin ya sunkuyar da kai.

Rifkatu ta ƙare wa Habila kallo, daga takalminsa mai ƙyalli har gashin da ya sha mai. Da kiwon kajin nan uwarta ta kai ta jami'a. Ta taɓe baki.

"Saye ta, Habila. Ta dace da kai. Sheƙi kawai, ba inda za ta iya zuwa."

"Haba Rifkatu, wasa fa nake."

"Ni ba wasa nake ba. Ka gaya wa Fasto ya daina sanar da aurenmu."

Ta fita titi ta tsayar da keke mai ƙafa uku, ko waiwaye ba ta yi ba.