Manomin da Ya Cika Rumbunsa da Duwatsu

Bari in ba ka misalin wani manomi da gonarsa take a kan tsohon kufai. Wata damina, gero ya fara ciki, sai surukinsa mai haƙar ma'adinai ya bar masa ajiyar na'urar nan da ke kuka idan ta ji ƙarfe a ƙasa. Don wasa ya rataya ta ya shiga gona. Bai yi nisa ba ta ɗauki tsuwa. Ya tona, sai ga wani baƙin dutse mai ƙyalli, ɗan mitsitsi amma da nauyin tsiya, jikinsa kamar an narka an zuba. To, ya taɓa jin ana hira cewa akwai duwatsun da ke faɗowa daga sama, masu saye na bin su har ƙauye. Nan take ya yanke wa kansa hukunci: nasa ne ya faɗo. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da maƙerin garin, wanda ya san dutse ya san ƙarfe, amma gogan naka ya ce a ransa, wanda ka tambaya ai ka ba shi kaso. Ya ja bakinsa ya tsuke. Duk inda na'ura ta yi kuka sai ya tumɓuke gero ya kafa diga, kunya bayan kunya, yana kwasowa a buhu yana juyewa a rumbu. Matarsa ta yi magana, ya ce ta jira kaka ta ga ikon Allah.

Kaka ta zo, jama'a na shigo da dammuna, shi kuwa gonarsa ta zama ramuka. Ranar da bakin digarsa ya karye dole ta kai shi maƙera, da guntun dutsen a aljihu don ba ya rabuwa da shi. Garin ciro goro sai dutsen ya faɗo. Maƙeri ya ɗauka, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya ba shi guduma ɗaya. Dutse ya dare, cikinsa duk ƙofofi kamar saƙar zuma, har da ɓurɓushin gawayi. Ya yi dariya ya ce, “Kashin tama ne, maƙwabci. A kufan nan kakannina suka narka ƙarfe, suka kwashe na kirki suka zubar da wannan. Ɗan sauran da ya maƙale ne ke sa na'urarka kuka. Da ka leƙo ta katanga ai da na gaya maka.”

Kunya da baƙin ciki suka rufe manomi. Ya koma gida ya tarar matarsa tsaye a gindin rumbu da ƙwarya a hannu, tana jiran ya ɗebo mata hatsin tuwo. Ga rumbu cike har baki, babu abin da za a kai turmi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, an je neman ƙiba, an samo rama.