An Kira Shi Ya Yi Kuskure

Shekara talatin Malam Sha'aibu ya yi a hasumiyar filin jirgi yana ba jirage hanya, bai taɓa barin biyu sun yi karo ba. Da na'ura ta karɓe aikin, sai cibiyar binciken da ƙasashe uku suka kafa ta neme shi. Ana son mutum ya riƙa tafka kuskure a ɗakin gwaji, don na'urar ta koyi gyarawa.

Da hantsi aka zaunar da shi gaban allo. Jiragen na ƙarya ne, amma an sa wa matuƙansu muryar mutane. Ɗaya har sallama ya yi masa.

"Baba, haɗa na Yamai da na Agadas a hanya ɗaya," in ji Dakta Balaraba, shugabar gwajin. "Babu kowa a ciki."

Ya buɗe baki da niyyar bin umarni, sai ya ji harshensa ya raba su kamar kullum. Sau tara ana maimaitawa, sau tara suna sauka lafiya.

Ta zare masa abin kunnen a hankali. "Yi haƙuri, Baba, gobe ka huta. Za mu nemo wanda ya iya aikin."