'Yan Tayi Biyu

Tun rabuwarsu ba ta ga tsohon mijinta ba sai yau, a ɗakin jiran asibiti. Likita ce ta kira su kan 'yan tayi biyun da aka haɗa musu, aka daskarar lokacin suna neman haihuwa.

"A zubar kawai," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ko zuciya fa ba su yi ba."

"Ni da tunaninsu nake tashi kullum." Ta haɗiyi yawu. "Malam, mu mayar da aurenmu. Ko don su."

Ya daɗe yana juya makullin motarsa kafin ya dube ta.

"Da kin ce don ni, wallahi da na amsa."

Ya miƙe ya fita. Da aka kira su, ita kaɗai ta shiga.