Ranar da Inna Ta Tsayar da Mazari

Ina da shekara shida aka ce Nasara sun iso Dutse. Na rugo gida ina kuka, wai za su tafi da ni. Inna tana kaɗi a gindin dabino.

Ba ta tsawata mini ba. Da farko ta tsayar da mazari. Sannan ta goge allin yatsunta. Daga nan ta ɗora ni a cinya, ta danƙa mini auduga.

Ta ce, "Riƙe nan, uwata. In sun zo, sai su jira mu gama."

Mazari ya koma juyawa, zare yana fita daga hannuna siriri, har barci ya ɗauke ni.

Na haifi takwas, duk na hore su. Ban tuna ranar da na ajiye aiki don kukan ɗayansu ba.