Tsagaggen Kunne

"Wallahi ba akuyata ba ce!" Isah ya faɗa a ƙofar dagacin 'Yandoto, gumi na keto masa.

Saude tana gefe, ta ja mayafi ta ɓoye murmushinta. Bara, a daidai wannan wurin, Isah ya raba ta da tunkiyarta ɗaya tilo. Hujjarsa ita ce, duk dabbobinsa kunnensu na hagu a tsage yake, na tunkiyar ma a tsage, saboda haka tasa ce. Ta yi rantsuwa ƙaya ce ta yage kunnen, ba wanda ya saurare ta.

Yau kuwa an kama wata akuya ta yi kaca-kaca da waken dagaci, kunnenta na hagu a tsage.

"Ai shaidarka ce," in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe, nawa duk masu tsaga ne, amma ba duk mai tsaga ce tawa ba! Ko ƙaya ma tana yage kunne!"

Saude ta miƙe. "Maimaita, Malam Isah. Da ƙarfi."

Dagaci ya tuna shari'ar bara, ya sunkuyar da kai. Nan take ya sa aka koro tunkiyar, har da 'ya'ya biyun da ta haifa a gidan Isah.

"To, ita wannan ɓarauniyar ta wace ce?" dagaci ya tambaya.

Saude ta kama igiyar akuyar.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Tun da rani na tsaga mata kunne, na jira ya warke, na jira wakenka ya nuna. Wanda ta ci, ga nawa can a gona, a je a girba."