Masanin Guguwa da Ya Jira Tabbas

Kai da ka ce ba za ka buɗe baki a kan wani al'amari ba sai ka tabbatar, gyara zama ka ji misalin wani mutum. A wata ƙasa ta bakin teku, inda guguwa kan taso daga tsakiyar ruwa tana juyi kamar mazari, ta zo ta share gari, an yi wani masani da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen nazarin halinta. Ya san ɗumin ruwan da ke haifar ta, ya san iskar da ke tuƙa ta, in ya dubi hotunan tauraron ɗan adam sai ya ce ga inda ta dosa. Kafin shi, mutane ba sa sanin zuwanta sai sama ta yi baƙi ƙirin. Albarkacin bincikensa aka riƙa samun kwanaki na shiri, ɗalibansa suka bazu a ƙasashe, rayukan da suka tsira ta dalilinsa kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. To, wata shekara ya ba da sanarwa cewa guguwa za ta auka wa wani garin masunta. Shinkafa ta nuna a fadama, amma mutane suka bar ta, suka goya jarirai, suka tallabi tsofaffi, suka hau tudu. Guguwa kuwa ta karkata, ta mutu a cikin teku. Da suka sauko sai suka tarar tsuntsaye sun yi wa shinkafa ɓarna, ɓarayi sun kwashe taru, ga wata tsohuwa wahalar hanya ta yi ajalinta. Masani ya je ta'aziyya da kansa. Ɗan tsohuwar ya amsa gaisuwa, sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Malam, guguwarka ba ta zo ba, amma ta ci uwata." Maganar nan ta zauna masa a ƙirji kamar ƙaya. Ya ƙudurta a ransa ba zai sake tayar da kowa daga gidansa ba sai ya tabbata babu sauran shakka.

Bayan 'yan shekaru wata guguwar ta taso, ta fi ta farko girma. Alamu suka nuna garin nan dai ta nufa, sai dai akwai 'yar ƙofa da za ta iya bauɗewa. Abokan aikinsa suka ce a yi shela. Shi ma zuciyarsa ta ce a yi, amma duk lokacin da ya miƙa hannu ga waya sai ya ga fuskar mutumin nan zaune a kan tabarmar makoki. Ya ce a jira hoton yamma. Na yamma ya zo, ya ce a jira na safe. Yana jira, masunta suna ta tura kwale-kwale ruwa, don teku ta kwanta luf, kifi kuma ya yi yawa. Sa'ad da shakka ta kau, ya yi sanarwa mai kyau, ya faɗi inda za ta sauka da ƙarfin da za ta zo da shi, bai yi kuskure ko na taku ɗaya ba. Amma mazan sun yi nisa, babu mai iya kiran su. Hanyar tudu guda ce, gadarta ƙarama. Amalanke da shanu da mata masu goyo suka cushe a kanta, iska ta iso, teku ta biyo bayanta ta haye gari. Da ruwa ya janye ya je ya gani da idonsa: kwale-kwale a rataye a kan bishiyar kwakwa, fadama ta yi fari da gishiri, gawawwaki jere a filin makaranta an lulluɓe su da tabarmi don likkafani ya ƙare. A wasu ƙasashe ana ta yabon yadda hasashensa ya faɗa daidai. A nan kuwa wata mata da ke duba fuskokin matattu ɗaya bayan ɗaya tana neman mijinta ta ɗago kai, ta gane shi, ta tambaye shi, "Tun yaushe ka fara zato?" Ya san ranar sarai. Ya tsaya a cikin laka har matar ta gaji da jira, ta sunkuya ta buɗe tabarma ta gaba.

Iliminsa bai gaza ba, gaskiya kuma ya faɗa, sai dai ya faɗe ta ranar da babu sauran mai iya amfani da ita. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.