Jan Zakara na Farko

Ana cikin ɗaure wani tsohon injin wasan gem da igiya Doña Casilda ta faɗo rumfar, numfashinta sama-sama. 'Yarta Noemí na biye da ita, tana turo keken da suke tallar tamale, wato alalar masara, a kansa.

"Ku kwance shi," ta ce.

Don Fulgencio, mai saye da sayar da tsofaffin kayan lantarki a kasuwar Puebla, ya dube ta tun daga takalmin roba har farin gashi. Ya yi magana. Ta juyo masa da kunnen hagu, ya maimaita da ƙarfi.

"Na ce an saye shi, Iya! Wani Bature daga Texas. Ga motar can."

Tun damina Casilda take yawon neman injin nan. Ba lungun da ba ta shiga ba, ba bolar ƙarfe da ba ta tona ba. An nuna mata Jan Zakara na biyu, ta ce a'a. An nuna mata na uku mai ƙaton gilashi, ko kallonsa ba ta yi ba. Na farko take so, kuma wannan kaɗai ya rage a garin.

Wanda bai ga zamanin ba ba zai yarda ba. Shekarar da injin gem ɗin nan ya fito, ba shagon tortiya, gurasar masarar nan, ba kantin magani da babu shi a bakin ƙofa. Zakaru biyu na dambe a gilashi, yara sun yi cincirindo, canjin aike na zurarewa cikin ramin kwandala. Masu kamfanin suka gina benaye, suka fitar da na biyu, suka fitar da na uku. Da wayar hannu ta zo kasuwa ta mutu, aka farfasa injinan aka sayar a kilo. Yanzu kuma Turawa sun dawo suna neman ragowar kamar zinariya.

Duk unguwa an san ba mai ƙin injin nan kamar Casilda. Ta rantse kamfanin ba zai ga ko sisinta ba. In shago na da shi, sai ta tsallaka titi. Ranar da ta kama Noemí tana ƙarama a gabansa da canjin tortiya, dukan da ta yi mata sai da maƙwabta suka shigo.

Shi ya sa Noemí ta ɗauka tsufa ne ya taɓa uwar. Mace da ta yi takaba da cikin wata bakwai, ta raini 'ya ita kaɗai ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, yau ga ta tana bin akwatin wasan yara.

"Gilashin ya tsage," in ji Casilda, tana ƙwanƙwasa katakon. "Gara ta ci ƙasansa. Wannan ai itacen wuta ne. Nawa za ka bar mini?"

Ya faɗi abin da Baturen ya biya. Noemí ta dafe ƙirji.

"Kai, ɓarawo!" in ji Casilda. "Da kuɗin nan ai sai in saye ka har da rumfar."

"To saye ni mana, ni ma na gaji da zaman gwauro."

Ba ta yi dariya ba. Ta taya, ya ƙi. Ta ƙara, ya ƙi. Ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a teburinsa. Sannan ta nuna keken tamale, da tukunyar, da tulun gas.

"Mama!" Noemí ta riƙe hannunta. "Gobe me za mu ci?"

Don Fulgencio ya daina murmushi. "Iya, ko gidanki kika kawo, na riga na karɓi kuɗin mutum."

Direba ya danna ham. Masu dako suka kama igiya.

A nan ne Doña Casilda, wadda ko a gaban limamin coci ba ta saba sunkuyar da kai ba, ta durƙusa a ƙasar kasuwa ta rungume ƙafar injin.

"To sayar mini da wasa ɗaya. Ɗaya tak. Lasifikar tana aiki?"

Aka jawo waya daga rumfar mai aski. Gilashin ya yi ƙyafta-ƙyafta ya kama. Don Fulgencio ya laluba aljihun teburinsa ya fito da tsohuwar kwandala, ya ce kyauta. Ta ajiye masa peso ɗaya kafin ta karɓa.

"Ƙure ƙarar," ta ce. "Likita ya ce kunnen hagun ma ba zai kai Kirsimeti ba."

Kwandala ta faɗa. Zakaru suka fito. Casilda ta janye hannayenta daga maɓallan, ta manna kunne a jikin lasifikar, ta rufe ido.

"Mama, danna mana! Kashe ki zai yi!"

"Bar shi ya kashe."

Jan zakaran ya sha duka har ya kife. Sai muryar nan ta fito, mai kauri, da 'yar dariya a ƙarshenta, wadda duk wanda ya yi yarinta a Puebla ya haddace:

"Tashi, ɗan gari! Ai ba ka mutu ba tukuna!"

Masu dako suka kwashe da dariya. Noemí ma ta murmusa. Sau nawa ta sato jiki tana yarinya, ta bari aka kayar da ita da gangan don kawai mutumin cikin akwatin ya ce mata ta tashi.

Casilda ta miƙe a hankali, fuskarta sharkaf. Muryar na ta maimaita maganar. Ta jawo 'yarta, ta kai kunnen Noemí jikin lasifikar kafin a zare wayar.

"Abincin rana ɗaya masu kamfanin suka ba shi ladan maganar nan, a na biyu kuma suka sa wani," ta ce. "Saurara da kyau, 'yar nan, muryar ubanki ce."